Gyaran Gangar Auzinawa: Sauye-sauyen da Ke Ɓata Gine-ginen Tarihi da Wuyar Maido da Su

Gabatarwa

Idan aka yi maganar lalacewar tsofaffin gine-gine a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne ruwan sama da sakaci, watau a bar soro shekara da shekaru ba yaɓe har damina ta cinye shi. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata ɓarna wadda ba a cika lura da ita ba, domin takan zo ne da sunan gyara, kuma masu yin ta galibi masu ƙaunar ginin ne, da kuɗinsu da kyakkyawar niyyarsu. Su ne masu shafe bangon ƙasa da siminti, da masu kifa wa tulluwa kwano, da masu rushe ƙofar gari su sake ta da kankare wai don ta fi ƙarko. Irin wannan aiki ne Hausawa suke kira gyaran gangar Auzinawa. Wannan maƙala za ta duba yadda yake cutar da gine-ginen da hukuma ta riga ta sa cikin rajistar kayan tarihi, da kuma dalilin da ya sa warware shi ya fi ƙulla shi wuya nesa ba kusa ba.

Rajista da abin da take nufi

Yi wa gini rajista shi ne hukuma ta rubuta sunansa cikin kundi, ta ce daga yau wannan gini, ko da yake yana da mai shi, jama'a ma suna da hakki a cikinsa, saboda haka ba a rushe shi, ba a kuma sāke masa kama sai da izini. A Ingila wannan tsari ya kafu ne da dokokin tsara birane na 1944 da 1947, bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun nuna wa mutanen ƙasar cewa ba su ma san yawan abin da suke da shi ba, balle abin da suka rasa. Yau gine-ginen da ke cikin kundinsu sun haura 370,000, an kasa su daraja uku, kuma wanda ya canja ko da tagar ɗaya daga cikinsu ba da izini ba ya yi laifin da za a iya gurfanar da shi gaban alƙali, a kuma tilasta masa ya mai da abin yadda ya same shi.

A Nijeriya kuwa, dokar kayan tarihi ta 1953 ita ce ta fara ba da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, sa'an nan Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta ɗora mata wannan nauyi. Cikin abubuwan da aka ayyana akwai Gidan Makama da ganuwar Kano da ƙofofinta, da ganuwar Zariya, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi. Rajistar dai ba ta zama katanga ba. Gidan Ilojo da ke tsibirin Legas, wanda aka ayyana tun 1956, an wayi gari a watan Satumba na 2016 an baje shi. Sai dai rushewa abu ne da kowa ke gani, a yi ta surutu a jaridu. Sauyin kama shi ne mai shigowa a hankali, yau buhun siminti goma, baɗi bandir ɗin kwano, har a kai ranar da sunan ginin kaɗai ya rage a kundi.

Siminti a kan ƙasa

Kafin a gane illar siminti sai an san yadda ginin ƙasa yake rayuwa. Maginin Hausa yakan kwaɓa ƙasa da ramno, ya bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, ya mulmula tubali ya shanya, sa'an nan ya jera shi da caɓi, bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wadda ake tsagowa daga gangar jikin giginya. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙago baka da ɗaurin guga, suna jera azara bisa azara cikin ƙasa har bakunan su haɗu a tsakiya su ɗauki tulluwa. A waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe rufi da laso, a kafa indararo don ya watsa ruwa nesa da gindin bango.

Duk waɗannan abubuwa suna da hali guda, watau suna shan laima kuma suna sakin ta. Bango yakan jiƙe da damina, ya bushe da kaka, abin da ruwa ya zaizaye kuma a mayar masa da yaɓe. Siminti ba haka yake ba. Yana da tauri, ba ya miƙewa ko tsukewa tare da ƙasar da ke bayansa idan zafi da sanyi suka sāɓa, don haka ba ya daɗewa sai ya yi tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Ruwa ya shiga ta tsagar. Wani ruwan kuma ya hau daga ƙarƙashin ƙasa ta harsashi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Da ya shiga sai ya rasa hanyar fita, saboda fatar simintin ta toshe masa. Ƙasar da ke ciki ta yi laushi, kan azarar da ke binne cikin bango ya zauna cikin danshi, gara ta sami wurin da take so. Abin da ya fi muni shi ne duk wannan yana faruwa ne a ɓoye. Bangon makuba idan ya fara ciwo kowa yana gani, a kira magini. Bangon siminti kuwa yana nan sumul da fentinsa har ranar da fatar za ta ɓalle gaba ɗaya, a tarar da rami a bayanta.

Ba mai gini kaɗai ke jawo wannan ba. A tsofaffin unguwannin birane, duk lokacin da aka sāke shimfiɗa kwalta ko aka gina lambatu, ƙasan titi yakan ƙara tudu, har zauren da dā ake hawa a shiga ya zama sai an gangara. Ruwan da dā yake gudu daga bango sai ya koma yana kwanciya a gindinsa.

Kada a ɗauka wannan ciwo na ginin ƙasa ne kurum. Tsofaffin gine-ginen dutse da na jan bulo a Ingila da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaure su, wanda yake da laushi, yana kuma barin laima ta fita ta tsakanin duwatsu. Bayan Joseph Aspdin ya yi rajistar irin simintinsa a 1824, musamman kuma cikin ƙarni na 20 da siminti ya yi arha, sai magina suka riƙa cike tsakanin duwatsun da shi. Laima ta rasa hanyarta ta dā, ta koma fita ta fuskar dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da ita, fuskar ta dinga ɓarewa. Yau wani babban ɓangare na aikin masu adana gine-gine a can shi ne ƙwaƙule simintin da kakanninsu suka sa.

Ƙofofin Kano da masallacin Zariya

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) da kuma bayansa. Ƙofofinta na asali ƙanana ne, masu zurfi, an yi su ne don a tsare mahayi da ayarin raƙuma, a kuma rufe su da dare. Mota ba ta cikin lissafin wanda ya gina su. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, kuma cikin shekarun da suka biyo baya aka sāke gina ƙofofi da dama da kankare da rodi, masu faɗi da tsawo, da zankwaye a kansu da zanen dagi a jikinsu. Babu mai musun cewa birni mai miliyoyin mutane yana bukatar hanya. Abin tambaya shi ne ko dole ne hanyar ta bi ta cikin ƙofar. Ana iya barin tsohuwar ƙofa a tsaye a fasa wa titi hanya ta gefenta, kamar yadda aka yi a tsofaffin birane da yawa. Abin da ke tsaye yanzu a irin waɗannan wurare alama ce ta inda ƙofa take a dā, kuma yaron da ya tashi yana ganinta zai ɗauka haka magabata suka yi gini. An sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta karɓa tun 2007, kuma tambayar farko da masu duba irin wannan buƙata sukan yi ita ce, nawa ne ya rage na asali.

Labarin Masallacin Juma'a na Zariya ya fi wannan sarƙaƙiya. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), kuma masana gini sun daɗe suna lissafa shi a matsayin ƙololuwar fasahar baka da tulluwa a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, da jama'a suka yi yawa, sai aka gina sabon masallaci na kankare, aka kawar da wasu sassan tsohon, aka bar babban ɗakin sallarsa a cikin cikin sabon. Waɗanda suka yi haka suna da hujja: sun ƙara wa masallata wuri, sun kuma kāre tsohon ginin daga ruwan sama maimakon su baje shi. Amma an raba ginin da siffarsa ta waje, wanda ya tsaya a fili ba ya ƙara ganin tulluwoyinsa. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. Wannan rana ta nuna cewa maganar kula da tsohon ginin da ake amfani da shi kullum magana ce ta rai, ba ta masu sha'awar tarihi kaɗai ba.

Wanda yake son ganin siffar masallacin ta waje kamar yadda take a dā sai ya tafi Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Foland, ya yi tare da mataimakansa 'yan Nijeriya.

Wane zamani za a koma?

A ce an sami kuɗi da niyya za a maido da gini. Matsala ta farko ita ce a tsai da kamar da za a mai da shi gare ta, domin ginin da ya shekara ɗari biyar, kamar Gidan Makama, ya sāke kama ba sau ɗaya ba, kowane zamani ya bar hannunsa a jikinsa.

Turawa sun yi wannan gardama tun ƙarni na 19. A Faransa, Viollet-le-Duc yana ganin aikin mai gyara shi ne ya cika gini ya kai shi kamalar da ta dace da shi, ko da bai taɓa kasancewa haka ba a wani zamani. A Ingila ma masu irin wannan ra'ayi sun kankare majami'u da yawa, suka cire abin da suke ganin ƙari ne, suka gina abin da suke zato shi ne na asali. Don yaƙi da wannan ne William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kāre tsofaffin gine-gine a 1877, suna cewa a tallafi gini, a toshe ɗigonsa, a bar masa tsufansa, kada a ƙirƙira masa ƙuruciyar ƙarya. Yarjejeniyar da masana suka yi a birnin Venis a 1964 ta bi wannan hanya, ta ce gyara ya tsaya daidai inda zato ya fara, kuma a girmama gudummawar kowane zamani.

Abin ban sha'awa shi ne yadda sauyi da kansa yakan tsufa ya zama tarihi. Doguwar hasumiyar da ke kan majami'ar Notre-Dame ta Faris aikin Viollet-le-Duc ce, ta tsakiyar ƙarni na 19. Da gobara ta cinye ta a 2019, sai aka yi ta muhawara, daga ƙarshe aka mai da ita daidai yadda ya zana ta, aka sāke buɗe majami'ar a Disamba 2024. Ke nan abin da wani zamani ya kira shisshigi, wani zamanin ya kashe dukiya don ya dawo da shi. Bisa wannan, ba kowane ƙari ne ake cirewa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa da gine-ginenmu shi ne a tambaya ko ƙarin yana cutar da jikin ginin. Zanen da wani magini ya ƙara a fuskar zaure a shekarun 1940 ya zama ɗan gida. Simintin da ke riƙe ruwa a gindin bango kuwa, ko ya shekara hamsin, baƙo ne mai ɓarna.

Sai dai ƙa'idar Venis an yi ta ne da ginin dutse a zuciya, inda ake ganin asali yana cikin dutsen da maginin farko ya taɓa da hannunsa. Ginin ƙasa ba ya zama haka, tunda fatarsa ana sabunta ta kullum. Babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907, duk shekara mutanen gari sukan fito su yaɓe shi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara ta ne a farkon ƙarni na 16, aka sāke ta a 1844, kuma itatuwan da ke tsittsige a jikinta su ne matakan masu yaɓe. (Abin lura ne cewa ƙasar Auzinawan da karin magana ke yi wa ba'a ita ce ta riƙe ginin ƙasarta har UNESCO ta karɓi tsohon birnin Agadas a 2013.) Taron da aka yi a Nara ta ƙasar Japan a 1994 ya gyara wannan giɓi, ya yarda cewa asali yana iya kasancewa cikin fasaha da al'adar da ake bi wajen sabunta gini. Wannan ya buɗe wa ginin ƙasa ƙofa, amma da sharaɗi mai nauyi: sai in fasahar tana raye.

Cirewa, da masu zama ciki

Ko an yanke shawarar cire siminti, cirewar kanta haɗari ce. Yakan ɓalle ne tare da fuskar ƙasar da ya manne mata, in akwai zane a ƙarƙashinsa ya tafi da shi. Wani lokaci ma ƙasar ciki ta riga ta mutu, fatar simintin ce kaɗai ke riƙe da bangon, ana cire ta sai ya zauna. Dole ne a yi aikin kaɗan-kaɗan, da rani, a tokare rufi tukuna, a bar bango ya bushe kafin a yi masa sabon yaɓe, kuma wannan ba irin aikin da ɗan kwangila mai wa'adin wata uku yake so ba ne. Tsarin ba da kwangila ma bai san ginin ƙasa ba. Yana ba da kuɗi mai yawa sau ɗaya, alhali abin da soro ke bukata shi ne kuɗi kaɗan kowace shekara.

Sa'an nan akwai mutanen da ke cikin ginin. Mai gidan da ya sa kwano ba jahilci ya sa shi ba, ya gaji ne da tara kwanoni a tsakar ɗaki cikin dare, da biyan magina kowace bazara. A Jenne, wadda ke cikin kundin UNESCO tun 1988, mazauna sun sha kukan cewa an hana su sāke fasalin gidajensu, an bar su da ƙananan ɗakuna da daɓen ƙasa don baƙi su zo su yi kallo. Dokar da ta hana mutum taɓa gidansa, ba ta kuwa taimake shi da ko sisi wajen riƙe shi ba, tana koya masa ne ya ƙi jinin rajista, ya yi gyaransa a ɓoye, ko ya zuba wa ginin ido ya faɗi don ya huta.

Kayan aiki da masu aiki

Mafi wuyar duka ita ce wannan. Laso, wanda shi ne simintin Bahaushe, ana haɗa shi ne da katsi da gashin jima da ruwan dafara. Katsi kuwa daga marina yake fitowa, shi ne dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi, a kwashe a ƙone a daka. Gashin jima daga majema. Ke nan rufin soro yana rataye ne a wuyan marini da majemi. Da rinin baba ya ja baya, karofi da yawa suka bushe, har a Ƙofar Mata ta Kano, sai katsi ya yi wuya, ba don wani ya yi nufin cutar da gini ba. Azara mai kyau sai tsohuwar giginya, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, ga shi ana sara ba a dasawa. Ƙasar gini ma a dā daga kududdufin unguwa ake ɗibarta, yau an cike kududdufai an yi gine-gine a kansu, sai a sayo ƙasa daga nesa da mota, wadda ba lalle halinta ya zo daidai da ta tsohon bangon ba.

Haka abin yake ga masu aikin. Gini sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina, kuma yaro yakan fara ne da miƙa tubali, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya ɗaura baka. Yaron da ya ga aikin bulo ya fi kawo kuɗi ba zai tsaya wannan dogon koyo ba. Awo da zane irin na Dmochowski, waɗanda aka buga cikin littafi mai juzu'i uku a 1990 bayan rasuwarsa, suna ba da tsawo da faɗi da lanƙwasar kowace baka. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen kayan gini da yawa da bayanin abin da ake nufi da su. Amma awon katsi nawa ake zuba wa gashin jima nawa, da kwana nawa kwaɓi zai yi kafin ya nuna, da yadda ake gane azarar da ta ƙosa daga ƙararta in an ƙwanƙwasa, waɗannan suna bakin tsofaffin magina ne a unguwanni irin su Babban Gwani ta birnin Zariya, kuma da Hausa za a tambaye su.